Azumin da Aka Ƙi Kama wa Baba Igiya

Azumi ya zagayo ya sake samun mu a tsakiyar bazara. Jikokina sai ƙorafi suke yi, wai ba a taɓa zafi irin na bana ba. In na ji su sai in gyara zama a gindin darbejiya in ƙyale su, don na san an taɓa yi, kuma ni ganau ce. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Lokacin ina goyon ɗana na biyu, a garinmu da ke arewa da Sule Tankarkar, inda tafiyar hantsi ɗaya za ta kai ka ƙasar Nijar.

Rijiya ɗaya gare mu a garin, kuma mahaifina ne ya gina ta tun kafin a haife ni. Gaba ashirin da bakwai ce, an jera mata zoben siminti tun daga baki har ƙasa. In ka leƙa, ruwan can ƙasa bai fi faɗin faifai ba a ido. Amma fa ruwa ne mai daɗi, mai sanyi, ba kanwa ba gishiri. Fulani kan sauka gabas da gari saboda ita, su shayar da shanu, mu samu nono da taki a gonaki. Ginin rijiya ita ce sana'ar Baba, da ita ya ci da mu, da ita ya aurar da mu.

Sale kuwa, wanda yau ko'ina ka bi daga Gumel zuwa Maigatari sai ka ga hotonsa a bango, a hannun Baba ya koyi sana'ar. Daga wajen Gagarawa ya zo, ya shekara goma sha biyu a gidanmu, akushi ɗaya da yayyena. Yaya Sale muke ce masa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, gwani ne. In ya sauka ƙasa ya damƙi yashi ya shinshina, zai gaya maka saura gaba nawa a tarar da ruwa, kuma da wuya ya kuskure. Baba da bakinsa ya sha cewa Sale ya fi shi hannu. Da ƙafafun Baba suka fara ciwo, duk aikin ya koma wurinsa, ƙauyukan da suka sha ruwa ta dalilinsa ba su ƙirguwa.

Shi ya sa da aka zo zaɓen kansiloli ba a ma yi gardama ba. Wa za a tura in ba wanda ya shayar da mutane ba? Ranar da aka ce ya ci, ni da kaina na rangaɗa guɗa har muryata ta dushe. In na tuna guɗar nan har yanzu haushin kaina nake ji.

Bai cika wata biyar a kujera ba rijiyarmu ta fara ciwo. A farkon Sha'aban ne guga ya soma fitowa rabi ruwa rabi yashi. Aka kai wa Baba a ƙwarya. Ya murza yashin a yatsu, ya ɗanɗana ruwan, ya tofar. Ya ce zobe na ƙarshe ne ya karkace, yashi na kwararowa ta ƙarƙashinsa. A sauka a yashe ta, a tallafe zoben, shi ke nan. Amma lallai a yi kafin ruwan farko, don in ƙasa ta jiƙa ta yi nauyi, zobban za su bi juna su zube, rijiyar ta rufta gaba ɗaya. Wadda ta rufta kuwa ba a gyara ta, sai dai a nemi wani wuri.

Aka aika wa Sale. Ya zo da hantsi a kan sabon babur, da babbar riga mai ruwan ƙwai, sai ƙamshin turare yake. Muna bakin rijiyar da tulunanmu, maza suka taru, Bulama mai garinmu yana gaba. Sale ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya saba. Ya leƙa rijiyar ya daɗe. Na ga hannunsa ya kai kan igiyar guga ya murza ta, irin yadda yakan gwada ƙarfin igiya kafin ya sauka. Sai kuma ya sake ta, ya zaro hankici ya goge tafin hannunsa.

Ya ce, "Baba, gaskiyarka ne, zoben ƙasa ne. Amma ina roƙon arziki kada a taɓa ta."

Baba ya ce, "Kada a taɓa ta kamar yaya?"

"Gwamnati za ta raba burtsatse, irin mai famfo, ba guga ba igiya. Na sa sunan garin nan a takarda. Amma garin da ba shi da ruwa kaɗai ake ba. Masu dubawa suna nan tafe, in suka zo suka tarar da rijiya tana ba da ruwa, wallahi soke mu za su yi su kai wani gari. Ku daure ku bar ta yadda take har su zo su gani da idonsu."

"Yaushe za su zo, Sale?"

"Kafin azumi ya raba tsakiya, Baba, in sha Allahu."

Bulama ya washe baki, maza suka hau kabbara. Famfo a garinmu! Wanda sai a Gumel muke ganinsa in mun je asibiti. Mu mata ma da za mu ɗauki wahalar a ka, murna muka yi, muna ta lissafin yadda hannuwanmu za su huta da kantar igiya. Baba kaɗai ne bai taya mu murna ba. Ya dogara sandarsa ya koma gida.

Kwana uku da kama azumi rijiyar ta daina ba da ko laka. Sai muka koma rijiyar Gawo, ta wani gari da ke yamma da mu. Da an sallame asuba muke fita, mata a jere, tulu a kan gammo, goyo a baya. Mai jaki ya ɗora garwa biyu, ko bidon roba irin wanda ake shigowa da shi ta Maigatari. Muna isa rana ta ɗaga. A can kuwa baƙi ne mu, sai masu gari sun ɗiba, sai shanunsu sun sha, sannan a ce to ku matso. Wata rana a yi mana fara'a, wata rana a yi mana habaici, wai mutanen da ke da magina rijiya biyu su ne ke bara da tulu. 

Dawowar ita ce azaba. Yashin ƙasarmu in rana ta take, ko da takalmi sai ya gasa maka ƙafa ta gefe. Iska ba ta motsi, in ma ta motsa zafi take kawowa. Leɓe ya tsage, harshe ya manne a dasashi, ga ruwa yana ƙara a kanka, yana ɗigo maka a wuya, ba damar sha. Ɗana yakan kama nono ya ja ya ja ya saki ya fasa kuka, don babu abin da ke fita. Liman ya ce masu shayarwa su ajiye azumi, na ajiye na kwana shida. Ko da na ajiye ɗin ma, kurɓa biyu nake yi in mayar da ƙoƙo, don kowane kurɓi daga kunun buɗa-bakin gidan yake fita.

Tulu ɗaya, gida guda, yini guda. Sai a bar shi ya kwanta tukuna, don ja yake zuwa, da warin fitsarin shanu. Na saman a tace da gefen zane a ajiye na sha. Na tsakiya a dama kunun tsamiya, a tuƙa tuwo. Ƙasarin da aka wanke gero da shi ba a zubarwa, awaki ke jira. Kwanuka da yashi muke goge su. Alwala kuwa sai taimama, gari guda, har liman. Wanka ya zama na Juma'a, shi ma da ƙoƙo biyu, kana tsaye a cikin kwano don a tari abin da ya zubo a wanke tsumman yaro. Ɗakuna suka ɗauki wani wari na zufa da fitsarin goyo. Fulani suka kwashe bukkokinsu a mako na biyu suka yi kudu. Nono ya yanke, fura ta koma ta ruwa, ruwan ma babu.

Azumi ya raba tsakiya, ba masu dubawa ba labarinsu. Duk ranar kasuwar Sule Tankarkar sai an dawo mana da saƙon Kansila: mako mai zuwa. Shi a lokacin ya kama haya a Gumel, kusa da ofis, wai don aikin jama'a. Ba laifi, aikin jama'a ai sai kusa da famfo.

Baba ya daina cin abin kirki. Kullum da la'asar yana ƙofar gida, fuskarsa a gabas. Ranar ashirin ga wata ya ga shamuwa ta sauka a kan kukar masallaci. Washegari ya lura gawon bayan gari ya fara zubar da ganye, ga gizagizai suna haɗuwa da yamma suna watsewa. Ya ce da ni, "Talatu, ruwa ya kusa. Ɗauko mini igiyata a rumbu."

Igiyar sauka daban take da ta guga. Kauri gare ta kamar damtsen yaro, kuma Baba da hannunsa ya tufka ta. Da sassafe ya sa gajeren wandonsa na aiki, ya ɗauki 'yar galmarsa da kwandon kwasar yashi, ya tafi bakin rijiya yana jan ƙafa, ina biye da igiyar a ka. Ranar ban je ɗibar ruwa ba. Kafin ya gama ɗaura ta a ƙugu, gari ya taru.

Shi aikin rijiya ba a yin sa mutum ɗaya. Wanda zai sauka, ransa yana hannun na sama. Maza shida ake so su kama igiya, su sassauta a hankali, su tsaya daram muddin yana ƙasa, su jawo kwando, su jawo shi. Tun da Baba yake sana'arsa bai taɓa roƙon masu kama igiya ba, rububi ake yi, don lada ne.

Ya miƙa bakin igiyar ya ce, "Bismilla, mutum shida."

Ba wanda ya motsa.

Bulama ya matso ya rage murya. "Baba, ka yi haƙuri. Kansila ya ce duk garin da ya taɓa rijiyarsa ya fita daga takarda. Mun sha wuyar kwana ashirin, kada mu zubar da ita a banza. Kuma dubi ƙafarka, ga azumi."

"Ƙafata ba ita za ta riƙe ni ba, Bulama, hannuwanku ne. Na san ba zan iya tallafe zoben ni kaɗai ba, amma in na kwashe yashin na cusa itace, za ta kai kaka."

Sai ya shiga kiran suna. Ya kira Audu mahauci, wanda shi ya raɗa wa ɗansa suna. Ya kira 'ya'yan ƙaninsa biyu. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi da yatsan ƙafa. Yayyena duk sun tafi cin rani, da ko su sun kama. Daga ƙarshe ya juya wajen maigidana, surukinsa, ya dube shi kawai, don kunya ba ta bari ya kira shi. Malam ya kau da fuska ya ce a hankali, "Baba, abin na jama'a ne."

Ban san lokacin da na kwance goyo na miƙa wa wata ba. Na kama igiyar. Iya Ladi maƙwabciyarmu ta kama, da wata bazawara, Hansai. Mu uku, da hannuwa duk kanta. Na ce, "Baba sauka, za mu riƙe ka." Wani daga baya ya yi dariya.

Baba ya dube mu ya girgiza kai. Ya ce, "Ba za ku iya jawo ni ba, 'yata. In na mutu a ciki kuma na ɓata ruwan har abada." Ya sa hannu yana kwance ƙullin ƙugunsa, ƙullin ya ƙi. Maza sama da talatin suna tsaye suna kallon tsoho yana fama da ƙulli, aka rasa mai taya shi ko da wannan. Ni na durƙusa na kwance masa da haƙori. Kwana bakwai ban yi wa Malam magana ba, abinci ma sai in dangwarar in juya.

Aka yi salla da sababbin kaya a kan jiki mai dauɗa. Kwana huɗu bayanta sai ga ɗan aike a guje, masu dubawa gobe. Saƙon Kansila har da tsari: kowace mace ta kawo tulunta da randarta babu komai a ciki, a jera a bakin rijiya, kada a wanke wa yara fuska, kada kowa ya sa kayan salla. Kamar sai an koya mana yadda ake kama da masu ƙishirwa! Muka yi kuwa. Muka jera tuluna, muka zauna a rana tun hantsi har azahar ta gota.

Suka zo a farar mota, mutum uku da Sale. Bayansu ga wata a-kori-kura ɗauke da duro cike da ruwan famfon Gumel, fari tas, na alwalar baƙi da shansu. A gabanmu suka wanke ƙafafu, ruwan yana gangarowa yashi na shanyewa, yara suna kallo suna haɗiyar yawu. Sannan suka taka zuwa rijiya. Ɗaya ya jefa tsakuwa ya kasa kunne. Babbansu, wani mai farin gilashi, ya leƙa ya ɗago ya ce, "Wannan ai yasa kawai take so. Ba ku da mai yasar rijiya a yankin nan?"

Sale ya ce, "Ranka ya daɗe, babu. Tsohon da ya iya ya tsufa, ba a kuma samu wanda ya gaje shi ba."

Baba yana tsaye, tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Ni na ji, Bulama ya ji, duk wanda ya taɓa shan ruwan da Sale ya haƙo ya ji. Aka rasa mai tari. Ni ma ban yi ba, kuma wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Mai gilashi ya yi rubutu, suka ci kajin da aka yanka musu, suka tafi da sauran ruwansu a duro.

Kwana tara bayan haka hadari ya haɗo da la'asar, baƙi ƙirin, da iska mai ƙamshin ƙasa. Aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka fito da duk abin da zai tari ruwa, yara suna tsalle tsirara, ni kaina na tsaya a tsakar gida na buɗe baki sama. Ana cikin haka muka ji wani gum daga ƙarƙashin ƙasa, har randa ta motsa. Da aka ɗauke muka je. Bakin rijiyar ya nutse, zoben sama ya kife a karkace cikin wani rami mai faɗi, jan ruwa yana gangarawa ciki. Baba ya tsaya ya duba, ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," yadda ake yi wa mamaci. Da ya koma gida ya sa wuƙa ya yanyanka igiyarsa, ya raba wa mata su ɗaure awaki.

Burtsatsen ya zo, kada in yi ƙarya. Bayan damina huɗu ya zo, Baba bai gan shi ba. Kafin nan tafki muke sha da damina, rijiyar Gawo da rani, gidaje da yawa sun tashi, Fulani kuwa ba su sake sauka ba. Famfon ya yi shekara biyu ya lalace. Aka gyara dab da zaɓe, ya sake lalacewa, aka sake gyarawa dab da wani zaɓen. Yanzu ga tanki a sama da sunan Sale da manyan baƙaƙe, rabin shekara a bushe, muna sayen jarka wurin masu amalanke. Shi kuwa tun daga ranar bai sauka daga kujera ba. Soja suka zo suka same shi, suka tafi suka bar shi. Jam'iyya ta mutu, wata ta tashi, yana ciki. Kansila sau ban san adadi ba, mai kula da ayyuka, mai ba shugaba shawara, yau dattijon jam'iyya. In mai waƙa zai wasa shi, da rijiya yake farawa.

Shekaranjiya da la'asar ya zo rabon kayan azumi. Ya tsufa, ya yi jiki, sai an riƙe shi yake fita daga mota. Ya ce a kai shi gidan 'yar Baba. Aka shimfiɗa masa darduma a nan gindin darbejiya, aka dire ɗan buhun shinkafa da sukari a gabana.

"Talatu, ina gajiya, ya ibada? Allah ya jiƙan Baba, mutumin kirki. Duk abin da na zama albarkacinsa ne."

Na ce, "Amin. Yaya Sale, tambaya gare ni, shekara talatin tana cina. Rijiyar nan tamu, ranar da ka leƙa ta, da ka sauka za ta gyaru?"

Na zaci zai ɓata rai, ko ya ce ƙaddara ce. Ina! Fuskarsa sai ta haskaka, ya gyara zama kamar an tuna masa da ƙuruciya.

"Waccan? Haba Talatu, ai ƙaramin aiki ne. Zoben bai ma fashe ba, zama kawai ya yi a gefe ɗaya, tun daga sama na gani. Ka kwashe yashin nan ɓangaren, ka cusa itacen ƙirya uku, ka danna haka." Yana yi yana nunawa da hannu, zoben azurfa na walƙiya a yatsansa. "Yini biyu. Rana ta uku da hantsi kun sha ruwa. Wallahi da ta kai yau tana bayarwa, irin ginin Baba ai ba ya mutuwa."

Ya yi dariya, mutanensa suka taya shi, wani ya ce, "Sai Alhaji, gwani na gwanaye!" Aka ɗaga shi aka sa a mota.

Tun asuba ban sa komai a bakina ba, maƙogwarona a bushe yake ƙamas, amma sai da na samu yawun da na tofar a inda ya zauna. Da magariba matar ɗana ta sayi jarka ɗaya ta dafa shinkafar. Na ci.